Daura da Damagaram a Akwati Ɗaya, da Sauran Abubuwan Mamaki na Rediyon Sha'awa

Duk jirgin saman da aka yi wa rajista a Najeriya, in ka duba jikinsa wajen wutsiya za ka ga rubutun da ya fara da 5N. Na Nijar kuma 5U. Waɗannan haruffa ba na jirage kaɗai ba ne. Kaso ne da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, mai hedikwata a Janeba, ta yanka wa kowace ƙasa, kuma da shi ake raɗa wa tashoshin rediyo masu lasisi suna. Cikin masu cin wannan kaso akwai wasu mutane da ba a faye jin labarinsu a ƙasar Hausa ba, wato masu rediyon sha'awa: su karɓi lasisi, su kafa eriya a bayan gida, su yi ta zance da takwarorinsu na duniya, ba don ko sisi ba. A ido, kayansu oba-oba ce irin ta 'yan sanda. Amma tun da kwamfuta ta shigo harkar, sunan kiran da hukuma ta ba mutum ya zama adireshinsa. Na'ura ke karanta shi, ta tafi neman mai shi.

Kafin 1960, sunan mai rediyo a Najeriya da ZD2 yake farawa, daga kason Ingila. Na maƙwabcinsa a Damagaram kuma FF8, daga kason Faransa. Da aka sami 'yanci aka sake wa kowa suna. Yau a ce wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, duk suna da lasisi, ɗaya a Mai'adua ɗaya a Dan Barto, iyakar Kongolam na tsakaninsu: mai saurare a Japan daga harafi na biyu zai raba su, wannan N, wancan U.

Ba ƙasar da aka ba harafin Q a farkon suna. An keɓe shi ne don gajerun tambayoyin masu buga waya tun zamanin jiragen ruwa: QRZ na nufin "wa ke kirana?", QTH kuma "kana ina?". Haka nan ba ƙasar da kasonta ya fara da 0 ko 1, don kada a rikita su da O da I. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ƙasa ba ce, amma tana da nata, 4U, kuma tashar da ke ginin ITU sunanta 4U1ITU. Marigayi Sarki Husaini na Jodan, wanda ya shahara da wannan sha'awa, sunansa bai wuce JY1 ba. Sarauta ta yi rana.

Amsar "kana ina?" ita ma ba da sunan gari kaɗai ake ba da ita ba. A 1980, a wani taro da aka yi a garin Maidenhead na Ingila, aka amince da tsarin da ya yanka duniya gida 324, kowane gida aka sake yanka shi akwati 100. Akwati ɗaya faɗinsa digiri 2 ne gabas da yamma, tsawonsa digiri 1 kudu da arewa. A wajenmu kusan kilomita 217 ke nan da kilomita 111. Birnin Daura yana sama kaɗan da layin digiri 13 arewa, gabas kaɗan da layin digiri 8, saboda haka adireshinsa JK43. Abin dariyar shi ne waɗanda ya tarar a cikin akwatin. Matameye tana ciki. Damagaram ma tana ciki. Amma Baure, da ke ƙarƙashin Sarkin Daura, ta faɗa JK42, domin layin digiri 13 ya ratsa masarautar ya bar ta a kudu. Katsina, babban birnin jiha, tana yamma da layin digiri 8, ba ta ma cikin sahun. Wanda ya san tarihin ƙarni na 19, lokacin da sarautar Daura ta rabu tsakanin birni da Zango da Baure, Damagaram kuma ta yi ƙarfi tana sa hannu cikin al'amuransu, zai yi murmushi: Turawan da suka ja wannan layi ba su da labarin ko ɗaya daga ciki, lissafi kawai suka bi.

Makka KL91 ce. Abuja JJ39. Duk abin da ke arewa da digiri 10 a Najeriya da JK yake farawa, na kudu da shi JJ.

Akwai kuma adireshin da ya fi kowanne baƙi marasa niyya: JJ00. Kusurwarsa ita ce inda layin Ikwaita ya haɗu da layin Girinwic, can tsakiyar teku kudu da Ghana. Na'urar da ba ta riga ta kama tauraron GPS ba takan aika sifili da sifili a matsayin wurinta, sai taswira ta nuna motar wani mutumin Jamus tana zaune a kan ruwa.

Tsarin farko da ya mai da suna adireshi a zahiri shi ne AX.25, wanda aka daidaita a 1984, bayan masu rediyo a Montreal ta Kanada sun fara gwada aika bayanan kwamfuta ta iska a 1978. Ana yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, a goshin kowane ƙunshi a rubuta sunan mai karɓa da na mai aikawa. In nisan ya fi ƙarfin rediyonka, kai da kanka za ka jera sunayen tashoshin da za su miƙa shi hannu da hannu, har guda 8 a tsarin asali. Daidai yake da mai aika wasiƙa daga tashar motar Daura ya rubuta a bayan ambulan: a ba wane a Kazaure, ya ba wane a Dambatta, ya ba wane a Kano. In mutumin Dambatta ya rufe shago ranar, wasiƙa ta mutu a nan, ba wanda zai sake mata hanya. Wannan rauni ne ya sa daga baya aka ƙirƙiro NET/ROM, inda tashoshi ke sanar da junansu wa suke ji, su zaɓi hanya da kansu.

Gurbin suna a AX.25 harafi 6 ne cif. Shi ya sa mai lasisin Najeriya da ya sami izinin aiki a Nijar, wanda al'ada ta ce ya sa 5U da karkataccen layi (/) a gaban sunansa, ba shi da inda zai cusa wannan ƙarin. Abin da aka ba shi kawai lamba ce daga 0 zuwa 15 da zai liƙa a ƙarshe, don ya bambanta na'urorinsa. Jama'a suka mai da lambobin al'ada: 9 mota ce, 7 rediyon hannu, 8 jirgin ruwa, 11 balan-balan ko jirgin sama, 13 tashar auna yanayi. Mutum ɗaya, adireshi 16.

Bob Bruninga, mai suna WB4APR, wanda ya rasu a 2022, shi ya gina tsarin APRS a kan wannan harsashi, don tashoshi su riƙa shelanta inda suke. Dabararsa ita ce ba sai ka san sunan kowa a hanya ba. Ka rubuta WIDE2-2, ma'ana duk tashar da ta ji ta miƙa, amma zango biyu kawai. Ta farko ta rage lambar zuwa 1 ta sa sunanta, ta biyu ta mai da ita sifili ta sa nata, shi ke nan tafiya ta ƙare. Ba don wannan ƙidaya ba, da saƙo ɗaya ya yi ta yawo tsakanin tashoshi har ya toshe iska.

Ɗaya daga cikin masu miƙa irin wannan saƙo ba a ƙasa take ba. Tashar Sararin Samaniya ta Duniya, ISS, tana ɗauke da na'urar da ke maimaita ƙunshin saƙo a kan mita 145.825 megahaz. Tana shawagi a tsayin kusan kilomita 400, tana kewaya duniya cikin kamar minti 90, kuma hanyarta kan biyo ta saman Daura. In na'urar na kunne, mai lasisi da rediyon hannu da eriya mai kyau yana da 'yan mintoci, ba su fi 10 ba, ya jefa saƙo sama ya sauko a wata ƙasa. Abin da zai rubuta a gurbin hanya kalma ɗaya ce: ARISS.

Inda maganar ta yi daɗi sosai shi ne D-STAR, tsarin murya na dijital da ƙungiyar masu rediyon Japan, JARL, ta tsara a ƙarshen shekarun 1990, kamfanin Icom kuma ya fara sayar da kayansa. Duk lokacin da ka danna maɓallin magana, kafin muryarka ta fita sai gurabe 4 sun riga ta: sunanka, sunan wanda kake nema, sunan tashar maimaitawa da kake shiga ta cikinta, da sunan ƙofar da ke haɗa tashar da intanet. Ba a tambayarka inda abokinka yake. Ƙofar ce za ta duba rajista ta ga a wace tasha aka ji shi a ƙarshe, ta tura muryarka can, ko Tokyo ce ko Landan. Wato adireshin mutum shi ne wurin da ya yi magana na baya-bayan nan. In ya sauka a sabon gari bai danna maɓalli ko sau ɗaya ba, muryarka za ta je ta yi ta sallama a garin da ya baro.

A farkon lamarin, babbar rajistar da yawancin ƙasashe ke dogaro da ita tana Dallas ta jihar Texas a Amurka, kuma labarin ƙaurar mutum kan ɗauki lokaci kafin ya isa kowace ƙofa. Sai wasu Jamusawa suka ɗauko IRC, tsohon tsarin hirar intanet na 1988 da matasa ke raha a ciki, suka sa ƙofofin su shiga ɗakin hira su riƙa gaya wa juna, "na ji wane yanzu." Suka sa masa suna ircDDB, labari ya koma isa cikin daƙiƙoƙi. A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi kowacce burgewa a harkar baki ɗaya, domin ba su ƙirƙiro komai ba, tsohon kaya suka ba sabon aiki.

Kowane gurbi a D-STAR harafi 8 ne, kuma na takwas shi ne mai hukunci: A, B ko C suna nuna mitar tashar, G ƙofa, L a haɗa, U a raba, E a maido maka da muryarka. In sunan harafi 5 ne, sai ka cike da fili biyu kafin harafin ƙarshe. Ka manta fili ɗaya, ka yi ta magana kai kaɗai. Ga kuma wani cikas: wanda ka kira ba zai iya amsawa kai tsaye ba sai ya danna maɓallin da zai kwafo sunanka ya sa a gurbinsa. Saboda irin wannan wahala, mafi yawan mutane suka bar kiran suna suka koma ɗakunan taro na gama-gari. Abin da aka fi rubutawa a gurbin "wa kake nema" a duniya yau shi ne CQCQCQ, ma'ana kowa da kowa.

DMR kuwa ba ta san suna ba sam. Hukumar ETSI ta Turai ta fitar da ita a 2005 don kamfanoni da masu gadi da ma'aikatan masana'antu, lamba kawai take ganewa. Da masu sha'awa suka are ta, dole suka kafa rajistar kansu, RadioID, mai ba kowane mai lasisi lamba mai alƙaluma 7. Ukun farko an ɗauko su ne daga lambobin ƙasa na wayar salula, waɗanda ke ɓoye cikin kowane sim: Najeriya 621, Nijar 614, Ghana 620, Chadi 622, Kamaru 624, Saudiyya 420. Su ne lambobin da wayarka ke dubawa in ka matsa kusa da iyaka ta kama layin Nijar, ta san ta bar gida. To ga tarkon: 234, da kowane ɗan Najeriya ya haddace a matsayin lambar ƙasarsa, a wannan rajista ta Birtaniya ce. Ka ga lambar DMR ta fara da 234 ka ce ɗan gida ne, sai ka ji Bature ya amsa daga Manchester.

Tunda lamba kawai ke tafiya a iska, in kana so ka ga sunan mai magana a fuskar rediyonka, sai ka sauke jerin sunayen duniya ka zuba mata. Jerin ya haura mutum 200,000, har ya fi ƙarfin cikin wasu ƙananan rediyoyi masu araha. Masu su kan zauna su zaɓi nahiyar da za su zubar. An dai ƙara wata dabara daga baya da ke aika sunan tare da murya, amma ba kowace rediyo ke karanta ta ba.

A kafar BrandMeister ta masu DMR, lamba 91 zauren duniya ne, 621 na Najeriya. Lamba 9990 kuma aku ce: ka yi mata magana, ta maimaita maka, ka ji yadda muryarka ke fita. A EchoLink, manhajar da Jonathan Taylor ya fitar a 2002 wadda ke aiki ko a wayar hannu, akun tana 9999.

Gurbin lamba a DMR yana da bit 24, wato ƙwayoyin sifili-ko-ɗaya guda 24, abin da ke ba da adireshi 16,777,216. Riƙe wannan adadi. A 1981, tun intanet na jaririya, wani mai rediyo mai suna Hank Magnuski ya roƙi a ware wa masu sha'awa adireshin intanet, aka ba su duk wanda ya fara da 44. Nawa ne? 16,777,216, ba ƙari ba ragi, domin lissafin ɗaya ne. A lokacin ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Shekaru suka wuce, adireshin intanet na tsohon tsari ya yi wuya, ya zama kadara. A 2019 ƙungiyar ARDC da ke riƙe da amanar ta sayar wa Amazon kashi ɗaya cikin huɗu, adireshi 4,194,304, kan kusan dala miliyan 108. An yi ta cece-kuce, wasu na cewa ba a shawarce su ba. Kuɗin dai da su ake ba da tallafin karatu da na bincike yanzu. Sauran kashi ukun suna nan, kuma mai lasisi na iya neman nasa kyauta, a ɗaura shi da sunan kiransa a ƙarƙashin ampr.org.

Imel ma haka: a tsarin Winlink adireshinka shi ne sunan kiranka a gaban winlink.org, kuma saƙon kan iya shiga ta gajeren zango daga wurin da babu layin waya ko ɗaya.

Mafi rowar wuri shi ne FT8, wanda Joe Taylor, mai lambar Nobel ta kimiyyar fiziks ta 1993, da Steve Franke suka fitar a 2017. Saƙo gaba ɗaya bit 77 ne, ana aika shi cikin zagayen daƙiƙa 15. Suna ɗaya na cin 28, na biyu 28, akwatin taswira irin JK43 na cin 15. Abin da ya rage ba ya isa a ce sannu da aiki. In sunan mutum ya yi tsawo ko ya saɓa ƙa'ida, sai a niƙa shi ya koma 'yar gajeriyar lamba. Kwamfutar da ta taɓa jin cikakken sunan za ta gane shi. Wadda ba ta taɓa ji ba sai ta nuna ɗigo uku kawai. Amfanin wannan ƙunci shi ne saƙon na fita daga ƙarƙashin hayaniyar da kunnen mutum ba zai ji komai a ciki ba. Sharaɗi ɗaya: agogon kwamfutarka kada ya kauce fiye da daƙiƙa ɗaya ko biyu.

M17, sabon tsarin da Wojciech Kaczmarski ya fara a Warsaw ta Poland a 2019, ya ce a dawo da suna a bar rajista. Yana mai da suna mai harafi har 9 lamba ta hanyar lissafi zalla, kowace rediyo ta warware da kanta ba tare da ta tambayi kowa ba. Alamomi 40 kawai ya sani: A zuwa Z, 0 zuwa 9, fili, da wasu alamomi uku. Shi kansa sunan tsarin adireshi ne, na kulob ɗin da aka fara aikin: gida mai lamba 17 a titin Mokotowska.

Kafin duk wannan, neman mutum a littafi ake yi, wani ƙaton kundi mai kama da na lambobin tarho da ake bugawa duk shekara. A 1992 Fred Lloyd ya karɓi bayanan masu lasisi daga hukumar sadarwar Amurka ya zuba a kwamfuta, abin da ya zama QRZ.com. Yau ka rubuta sunan kira, sau da yawa sai ga sunan mutum da garinsu, wani lokaci har ƙofar gidansa. Dokar ITU kuma ta hana masu sha'awa ɓoye ma'anar saƙonsu, komai a fili yake. Wanda ya kunna APRS a motarsa, duk mai intanet na iya buɗe taswirar aprs.fi ya ga inda ya bi da gudun da yake yi. A Finland, inda aka gina shafin, wannan abin nishaɗi ne. A kan hanyoyin Jihar Katsina na wannan zamani, mai hankali zai yi tunani sau biyu kafin ya kunna, ko ya rage daidaiton wurin da na'urar ke aikawa, domin tsarin ya ba da damar hakan.

A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, aka shafe watanni a haka. Irin wannan rana ce ke rarrabe tsare-tsaren nan. D-STAR da DMR da EchoLink duk da intanet suke nemo mutum. In ta yanke, rajista ta tafi, abin da zai rage shi ne tashar maimaitawa ta gari da waɗanda ke kewaye da ita. AX.25 mai shekara sama da 40, wanda ake yi wa kallon tsohon yayi, shi bai dogara da rajistar kowa ba. Yana tafiyarsa a hankali, bit 1,200 a daƙiƙa, da sauti biyu masu kama da kukan tsohuwar na'urar fakis, muddin akwai batir da tasha ta gaba da ke jin sa.